Ga 'yar'uwar da aka tsayar a kan kantar sayar da magani ba tare da an koya mata aiki ba

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Na karanta bayaninki har sau biyu kafin na fara rubutu, domin abin da kika faɗa ya dawo mini da farkon shigata wannan aiki shekara goma sha biyu da suka wuce. Kin ce mako uku ke nan da kika fara aiki a wani kantin magani, ranar farko kawai aka zagaya da ke aka nuna miki inda kwalaye suke da yadda ake buga kuɗi, daga nan aka bar ki da masu saye, kuma duk sa'ad da kika yi tambaya sai a haɗe miki rai ko a ce ai an riga an faɗa miki. Tambayarki ita ce ko ke ce ba ki da kai, ko kuwa ki haƙura da aikin.

Ki fara cire batun rashin kai daga zuciyarki. Aikin da makarantun koyon aikin lafiya suke ɗaukar shekara uku suna koya wa mataimakin mai harhaɗa magunguna, ba mai hankalin da zai sa ran ki haddace shi cikin kwana ashirin da ɗaya. Laifin rashin koyarwa yana wuyan wanda ya ɗauke ki. Sai dai akwai gaskiyar da ba zan ɓoye miki ba: idan aka samu kuskure, cikin mara lafiya maganin zai shiga, kuma hannunki ne ya miƙa shi. Saboda haka abu na farko da za ki koya, tun kafin sunayen magunguna, shi ne ki iya cewa "ban sani ba, bari in tambaya" a gaban mai saye da gaban maigidan kanti, ba tare da kunya ta hana ki ba.

Ni da kyar na koyi wannan. A watana na biyu, wani mutum ya kawo takardar asibiti wadda rubutunta ya yi kama da tafiyar tsutsa, ban iya karanta komai ba sai "chlorp" a farkon sunan. Layi ya yi tsawo, maigidan yana waya a bakin ƙofa, kuma da safiyar ranar ya yi mini faɗa a kan yawan tambaya. Sai na miƙa hannu na ɗauko kwalin chlorpropamide na fara zaro kati. Wata dattijuwar ma'aikaciya da muke kira Anti, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya, ta riƙe mini wuyan hannu a hankali, ta ce in karanta mata lambar da ke gaban sunan. Na ce 4mg. Ta ce in karanta ta jikin kwalin, na ce 250mg. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ta mayar da kwalin ta ɗauko chlorpheniramine, wato abin da kowa ya sani da Piriton. Mutumin mura da ƙaiƙayi ne suka dame shi, ni kuwa ina shirin ba shi maganin ciwon suga, wanda idan mai lafiyayyen suga ya sha sau uku a rana zai iya sauke masa suga har ya suma. A daren nan ban runtsa ba. Tun daga ranar ban sake karanta sunan magani shi kaɗai ba, sai na haɗa shi da ƙarfinsa da yadda aka ce a sha da kuma abin da mara lafiyar ya ce yana damunsa, kuma idan ɗaya daga ciki bai dace da sauran ba, sai in tsaya. Irin waɗannan tagwayen sunaye suna da yawa, kamar metformin da metronidazole, ko carbamazepine na farfaɗiya da carbimazole na ciwon maƙoƙo, kuma yana da kyau a raba musu wurin zama a kan kanta.

Tunda ba a shirya koya miki ba, ke za ki shirya wa kanki makaranta. Ki sayi ƙaramin littafin rubutu mai shiga aljihu. Kullum ki ɗauki magani biyar kacal daga cikin waɗanda aka fi saye a kantinku, ki rubuta sunansa na asali, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kamfani, da ƙarfinsa, da abin da yake magani, da wanda bai kamata ya sha ba. Takardar da ake naɗewa a cikin kwali, wadda yawancinmu muke jefarwa, ita ce malamar da ba ta gajiya da tambaya, kuma idan akwai littafin EMDEX, wato kundin bayanan magunguna, a kantin ki riƙa buɗa shi lokacin da babu mutane. Sunan asalin shi ne ginshiƙi, domin za ki tarar da kamfanoni goma suna sayar da abu ɗaya da sunaye goma, sai mutum ya sayi maganin mura da maganin ciwon jiki ya haɗa su alhali dukansu akwai paracetamol a ciki. A shafin farko ki rubuta gajerun alamomin likitoci: od sau ɗaya a rana, bd sau biyu, tds sau uku, qds sau huɗu, nocte da dare, stat nan take sau ɗaya, prn kuma idan buƙata ta taso. Cikin wata biyu za ki ga kin san fiye da rabin abin da ke fita daga kantin a kowace rana.

Inda na fi so ki yi taka-tsantsan shi ne maganin yara. Amoxicillin na gari da ake zuba wa ruwa yana zuwa da ƙarfi biyu, 125mg da 250mg a cikin kowane 5ml, kwalaben kuma sukan yi kama da juna, don haka kuskuren ɗauka yana nufin yaro ya sha ninki biyu ko rabin abin da aka rubuta. Ki nuna wa uwa layin da ke jikin kwalbar da yatsanki, ki ce ta zuba tafasasshen ruwan da ya huce daidai nan, ta girgiza kafin kowane ba da magani, ta auna da murfin awon da ke cikin kwalin, domin cokalin gida kowanne da girmansa. Haka ma maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine: da nauyin yaro ake ƙayyade yawan ƙwayar, ana shan sa sau shida cikin kwana uku, sha na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma ya fi aiki idan an sha bayan cin abinci mai maiƙo ko shan madara. Na manya akwai mai 20/120, wato 20mg na artemether da 120mg na lumefantrine, da ake shan ƙwaya huɗu lokaci ɗaya, akwai kuma mai 80/480 da ake shan ƙwaya ɗaya, wanda ya rikita su ya yi babbar ɓarna. Na ɗauki al'adar cewa uwa ta maimaita mini abin da na faɗa kafin ta tafi, kuma za ki yi mamakin yawan waɗanda suke cewa "to" alhali ba su fahimta ba.

Sha'anin sito ba shi da wuya. Wanda wa'adinsa ya fi kusa ƙarewa shi ake sa wa a gaba, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan duk abin da ya shigo, kuma insulin da sauran kayan firji suna buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 ba tare da sun daskare ba, don haka idan wuta ta daɗe da ɗaukewa ki sanar da na gaba da ke.

Game da masu haɗe miki rai, dabarar da ta yi mini aiki ita ce tara tambayoyi. Wanda ya shafi takardar da ke hannunki a lokacin, wannan ba ya jira, ki tambaya ko da za a yi miki tsawa. Sauran kuwa ki rubuta su, ki nemi wanda ya fi sauƙin kai a cikin ma'aikatan, ki same shi bayan Azahar lokacin da kanti ya yi shiru, ki roƙe shi minti goma. Mutane sun fi sakin jiki da mai zuwa da littafi a hannu, saboda sun ga ba za ta sake maimaita tambayar gobe ba. Shi ma maigidan ki same shi cikin ladabi ki ce kina son a ba ki mako biyu kina tsayawa kusa da wani kafin a bar ki ke kaɗai da takardun asibiti, ki nuna masa cewa sunan kantinsa kike karewa.

Ba ki faɗa mana wane irin kanti ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci. A dokar Najeriya, hukumar PCN mai kula da sana'ar harhaɗa magunguna ce ke ba da lasisi, kuma cikakken kantin magani dole ya kasance ƙarƙashin kulawar mai harhaɗa magunguna mai rajista, shi kuwa ƙaramin kemis an iyakance masa magungunan da zai sayar. Ki duba takardar lasisin da ke rataye a bango. Idan akwai ƙwararren da za ki iya komawa gare shi, ko da mai zafin rai ne, shawarata ki zauna ki ba wa kanki wata uku. Amma idan babu kowa, ko aka umarce ki ki yi allura da ƙarin ruwa alhali ba ki koya ba, ko ki sayar da tramadol ga samari ba takardar likita, ko maganin tari mai kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigowa da shi tun watan Mayu na 2018, ko a goge ranar lalacewa daga jikin kwali, to ki tattara naki ya naki ki bar wurin, domin ranar da jami'ai suka zo wanda suka tarar a kan kanta shi za su fara kamawa.

Idan kin ji aikin ya kwanta miki a rai, ki fara tanadin komawa makaranta. Ni sai da na yi shekara biyu a kanti sannan na shiga, kuma a can ne na fahimci dalilan abubuwan da nake yi da ka. Makarantun koyon aikin lafiya irin na Kano da Maƙarfi suna da wannan fanni, ana buƙatar sakamakon sakandare mai kyau a darussan kimiyya, kuma kafin ki biya kuɗin fom a kowace makaranta ki tabbatar PCN ta amince da kwas ɗin nata. Ki dawo ki faɗa mana ko akwai mai rajista a kantin naku da kuma magungunan da suka fi rikita ki, in sha Allahu zan bi su da ke ɗaya bayan ɗaya.