Nono Ya Fito Mini Kamar Na Mace, Ga Aure Ya Matso: Tiyata Za Ta Raba Ni Da Shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 27. Tun ina aji uku na ƙaramar sakandare nono ya fara fito mini, na dama ya fi na hagu girma. Aka ce idan na girma zai koma, har yau shiru. Na yi wata takwas ina zuwa gidan motsa jiki, na rame, tumbi ya tafi, amma shi yana nan, sai ma ƙara fitowa fili da ya yi. Ba na cire riga a gaban kowa, ko a zafin watan Afrilu singileti biyu nake sawa. Yanzu an sa mini rana, saura wata biyar biki. Na ji ana yin tiyata. Tana da haɗari? Zai dawo? Za ta taɓa haihuwata? Kuma ba canza halittar Allah ba ne? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya.

Abin da ke damunka yana da suna a asibiti, ginekomastiya ake kiransa, kuma ana rabuwa da shi. Tunda ya kai kimanin shekara 13 a jikinka bai gusa ba, tiyata ce maganinsa, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai ya san dalilin da ya sa nonon ya fito, don haka daga can zan faro.

Kowane namiji yana da 'yar tsokar nono a kwance ƙarƙashin kan nononsa, kuma jikinsa yana yin sinadarin maza, testosteron, tare da ɗan kaɗan na sinadarin mata, estirojin. Na mata shi ke tayar da tsokar, na maza ya danne ta. Duk lokacin da ma'aunin ya karkata, sai ta motsa. Sau uku hakan ya fi faruwa a rayuwar namiji: yana jariri saboda sinadarin uwa da ya rage a jininsa, lokacin balaga wajen shekara 13 zuwa 14, sai kuma bayan ya haura 50. Bari in ratsa nan da roƙo ga iyayenmu mata da ungozomomi: a bar matse nonon jariri, da kansa yake sacewa, matsar ce ke jawo ƙurji mai mugunya har a kai ga tsaga shi. A lokacin balaga kuwa, kusan rabin yara maza suna jin ɗan ƙululu mai zafi a ƙarƙashin kan nono, mafi yawansu ya ɓace cikin wata shida zuwa shekara biyu. Waɗanda suka ce maka zai koma ba ƙarya suka yi ba, kai ne ka faɗo cikin 'yan kaɗan da nasu ke zama.

Batun motsa jiki kuma, ga abin da ya faru. Ƙirjin namiji yana cika da abu biyu, kitse ko tsokar nono, sau da yawa ma duka biyun a haɗe. Kitse yana narkewa idan an rame. Tsokar nono ba ruwanta da gudu ko ɗaga ƙarfe. Da ka narkar da kitsen da ke kewaye da ita, ka kuma gina naman ƙirji a ƙarƙashinta, sai ya turo ta gaba, shi ya sa ka ga kamar ta ƙaru. Za ka iya gwadawa da kanka. Ka kwanta rigingine, ka sa babban yatsa a gefe ɗaya na nonon, manuniya a ɗaya gefen, ka riƙa matso su a hankali zuwa tsakiya. Idan kitse ne kawai, yatsun za su haɗu ba tare da wani abu ya tare su ba. Idan tsoka ce, za ka ji wani faifai mai danƙo kamar roba daidai ƙarƙashin baƙin da ke kewaye da kan nonon.

Wannan faifan, a watanninsa na farko yana da taushi da zafi, kuma a lokacin ne ƙwaya irin tamoxifen kan yi amfani idan likita ya ga dacewarta. Da ya wuce shekara guda sai ya rikiɗe ya zama jijiya-jijiya mai tauri irin ta tabo, babu ƙwayar da ke narkar da ita. Don Allah kada ka kashe kuɗin aurenka a kan man shafawa da shayin da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Na taɓa duba wani saurayi da aka ba shawarar ya riƙa ɗora wa nonon bayan cokali mai zafi. Da ya ɗaga riga, nonon yana nan yadda yake, ga kuma tabon ƙuna biyu farare a kansa, ya tsaya kansa a sunkuye yana ba ni haƙuri kamar ni ya yi wa laifi. Cire tsokar bai ba mu wahala ba, tabon ƙunar ne ya zauna masa. Haka nan ƙaho da tsagar wanzami, ba sa kaiwa inda matsalar take.

Ranar da ka je asibiti, likita zai tambaye ka duk abin da kake sha, kuma ina roƙonka ka faɗa masa gaskiya ko da abin kunya ne. Magunguna da dama suna tayar da nono: spironolactone da ake bai wa masu hawan jini da ciwon zuciya, cimetidine na gyambon ciki, finasteride, ketoconazole, wasu magungunan taɓin hankali, da efavirenz cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Mai shan ɗaya daga cikinsu kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitansa a duba ko za a sauya masa. Tunda ka ambaci gidan motsa jiki dole in tambaya: an taɓa ba ka allura ko ƙwayar ƙara ƙwanji? Jiki yana juya wani kaso na irin waɗannan sinadaran ya mayar da su estirojin, shi ya sa za ka ga ƙato da damatsa amma nono a tsaye. Giya tana cikin abin da ke jawo shi, ana kuma danganta shi da wiwi.

Zai kuma duba marainanka, kada ka ji nauyi, nan ne masana'antar sinadarin maza. Hangum da ya sauka maraina, ko ƙari a cikinsu, ko wata larura da ake haihuwar namiji da ita mai suna Klinefelter, duk suna iya fara bayyana ta nono. Za a ɗibi jini a duba hanta da ƙoda, wani lokaci da sinadarin maƙogwaro (thyroid) da sinadaran da na ambata. Gwajin hanta na fi matsa wa mutanenmu a kai, saboda ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu kuma yana cin mutum shiru. A irin labarinka, wanda ya faro da balaga ya tsaya cak, galibi duk gwajin lafiya lau yake fitowa. Wanda nake so ya gaggauta shi ne magidancin da ƙululu ya fito masa a gefe ɗaya, mai tauri kamar dutse, ba a tsakiyar kan nono ba, ko kan nonon ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko kaluluwa ta fito a hammata. Maza ma suna yin sankarar mama, kusan mutum 1 cikin 100 na masu ita namiji ne.

To, ga aikin kansa. Yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, galibi da allurar barci, ƙaramin kuwa ana iya kashe wurin kawai. Kafin ka kwanta likita zai tsayar da kai ya zana ƙirjinka da alƙalami, domin a kwance nono yana bajewa a kasa gane iyakarsa. Idan akwai kitse, sai a yi 'yar ƙofa da ba ta kai faɗin farce ba a gefen ƙirji, a zura siririn bututun ƙarfe a zuƙe shi. Tsokar kuwa ba ta zuƙuwa, sai an yanka. Ana bin gefen ƙasa na baƙin da ke kewaye da kan nono, rabin da'ira kamar jinjirin wata, daidai inda baƙi ya haɗu da sauran fata, don tabon ya ɓuya a kan iyakar. Wannan salon ya daɗe, tun 1946 wani likita mai suna Webster ya bayyana shi. Ta nan ake ɓanɓare faifan daga fata ta sama da naman ƙirji ta ƙasa, a zaro shi fari tas, mai tauri kamar guringuntsi.

Gwanintar likita a wuri ɗaya take bayyana: abin da zai bari. Dole a bar ɗan siririn nama a ƙarƙashin kan nono. Idan an kwashe duka, kan nonon ya lotsa ya manne da ƙirji kamar an danna faranti, kuma gyaran wannan ya fi aikin farko wuya. Idan an bar da yawa, mutum ya tashi yana ganin kamar ba a yi komai ba. Saboda haka nake cewa ka nemi likitan fiɗa da ya saba da wannan aikin, ka tambaye shi kai tsaye ko yana yin sa a kai a kai, ka nemi ganin hotunan ayyukansa da masu su suka yarda a nuna. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, nan ne wurin fara tambaya. Ka nemi a rubuta maka kuɗin komai tun farko, har da gwaje-gwaje da mai ba da allurar barci, domin inshorar lafiya ba kasafai take biyan aikin da ta ɗauka na kwalliya ba. Ka kuma tabbatar an kai abin da aka cire ɗakin gwaji.

Wanda nononsa ya yi girma har ya zubo, fata ta yi yawa, shi sai an rage fatar, wani lokaci a matsar da kan nonon sama, tabonsa kuma ya fi tsawo. Matashi mai fata da ƙarfi irinka, galibi fatar da kanta take komawa ta kwanta.

Haɗari akwai, kamar kowace tiyata, amma ga mai lafiya ƙalilan ne. Wanda ya fi faruwa shi ne taruwar jini a ƙarƙashin fata a kwana ɗaya ko biyun farko: gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri yana zogi. In ka ga haka ka koma asibiti a daren, kada ka jira gari ya waye. Don gudun hakan ne wasu likitoci ke barin 'yar robar fitar da jini na kwana ɗaya ko biyu, ake kuma hana asfirin kafin aiki. Ruwa na iya taruwa daga baya a zuƙe shi da sirinji. Kan nono yakan yi dindiris na wasu watanni kafin ji ya dawo, wasu ba ya dawowa duka. Mu baƙar fata muna da ƙarin abin lura, wato tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji na cikin wuraren da ya fi so. Idan kana da irinsa a jiki, ko ka san shi a gidanku, ka faɗa tun kafin a sa ranar aiki. Mai shan sigari ko shisha ya ajiye aƙalla mako huɗu kafin aiki, don hayaƙi yana rage jinin da ke ciyar da kan nono. Mai sikila ma ya sanar.

Tsokar da aka cire ba ta sake tsirowa haka kawai. Abin da ke dawo da nono shi ne mutum ya yi ƙiba sosai, ko ya koma wa allurar ƙwanji, ko a yi aiki ba a magance ainihin dalilin ba. Haihuwa kuwa, wuƙar ba ta zuwa kusa da inda ake yin maniyyi, ba ta rage ƙarfin namiji ko kaɗan. Idan akwai matsalar haihuwa, sau da yawa daga maraina take, kuma binciken da za a yi maka kafin aiki zai iya nuna alamarta, ka ga riba biyu ke nan ga mai shirin aure.

Tambayarka ta addini, fatawa ta malamai ce, ka je wa malamin da ka amince da shi. Abin da na sani shi ne malamai suna bambanta gyaran aibi da ke cutar da mutum da kuma sauya halitta don neman ƙarin kyau. Suna kafa hujja da hadisin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Namijin da ya yi shekara 13 yana tafiya a ranƙwafe don ɓoye ƙirjinsa, yana zufa cikin singileti biyu, ni a idona cutuwa ce ta gaske.

Saura lissafin biki. Mafi yawa suna komawa gida a ranar ko washegari, mai aikin zama ya koma bakin aikinsa bayan kamar mako guda. Za ka sa rigar matsi dare da rana mako huɗu zuwa shida, kuma a wannan tsakanin babu ɗaga kaya mai nauyi, babu ɗaga ƙarfe. Ranar da aka fara kwance maka bandeji kada gabanka ya faɗi, za ka ga kumburi da 'yar kwanciyar jini a fata, wani gefen ma ya fi wani. Sai an yi wata uku zuwa shida ƙirji ke nuna ainihin siffarsa, tabo kuma ya ci gaba da dusashewa har shekara. Wata biyar ya ishe ka idan ka je a duba ka cikin makon nan ko na sama, a gama gwaje-gwaje, a yi aikin da sauran aƙalla wata uku. Idan layin asibiti ya ja har ya rage mako shida ko ƙasa da haka, shawarata ka bari sai bayan biki, ka sanar da amaryarka halin da ake ciki, ku je ganin likitan tare.