Dillali, fatoma da mai ƙwaryar nono: amsoshin tambayoyinku

Wani ɗalibi daga Ringim ya ce: "Malam, babana ya ce dillali daban, fatoma daban a kasuwar shanu. Ni kuwa na ɗauka abu ɗaya ne."

Babanka ya yi gaskiya, ɗana. Dillali kalma ce da muka aro daga Larabci, shi ne mai tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa. Sa ba nasa ba, kuɗi ba nasa ba. Mai saye ya taya, dillali ya kai tayin wurin mai shanu, in bai yi masa ba ya ce "albarka", a ƙara, har ya ce "na sallama". Abin da dillali ke samu shi ne la'ada, ita ma Balarabiya ce, asalinta al'ada, wato abin da aka saba bayarwa.

Fatoma kuwa daga bakin Barebari muka samo shi, fato a wurinsu gida ne, fatoma mai gida. Falken da ya koro shanu daga Nijar zuwa Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, ba ya sauka a filin Allah. Wurin fatomansa zai sauka, ya ba shi makwanci da abinci da inda zai ɗaure dabbobi, ya ajiye masa kuɗi, ya kuma tsaya masa. In daga baya aka ce saniyar nan ta sata ce, ƙofar fatoma za a fara bugawa. Mutum ɗaya yana iya haɗa sana'o'in biyu, amma sunayen ba su zama ɗaya ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu karanta labarai ke tattara kowa su ce "'yan kasuwar shanu". Ku shiga kara, wato kasuwar shanu, ta Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ku ƙirga masu cin abinci a jikin sa guda. Ga 'yan kora, ga 'yan lodi masu ɗora shanu a tirela zuwa Legas da Fatakwal, ga mahauta da Sarkin Fawansu, ga mai kiwon turka da zai sayi ramammen sa ya ɗaure shi a turke, ya yi ta ba shi harawa da dusa da kowar wake har tozo ya cika, ya fito da shi gab da Sallah. Kowannensu harshe ya raɗa masa suna, a kira shi da shi.

Wata baiwar Allah daga Kazaure ta tambayi ma'anar "nagge daɗi goma".

Nagge saniya ce da Fulatanci, wannan kuwa kirarinta ne. Goma a nan yawa ake nufi, kada ki wahalar da kanki wajen lissafa su.

Wani malamin firamare daga Gaya ya ce: "Yara suna rubuta nono a inda nake ganin madara ta dace. Wanne ne daidai?"

Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Madara ita ce wadda aka tatso yanzu, ba ta kwana ba. In ta kwana a ƙwarya ta yi barci, ta daskare da man shanu a ciki, ta zama kindirmo. In aka kaɗa aka tsame man shanu, abin da ya rage mai ruwa-ruwa da ɗan tsami shi ne tsala. Nono sunan gidan ne gaba ɗaya, amma a bakin kasuwa, in ka ce a ba ka nono, mai tsami za a zuba maka a dama fura. Yanzu yaran birni madarar gwangwani da ta gari kaɗai suka sani, kindirmo ma wai yogot suke ce masa. Yogot sunan abin da kamfani ya ƙulla a roba ne, a bar masa. Wanda Bafulatana ta sauke daga kanta, ta ɗaga faifai, ta sa ludayi ta yanko maka shi yana rawa, sunansa kindirmo tun kaka da kakanni.

Kuma bambancin nan ya wuce na baki, har aljihu yana taɓawa. A al'adar rugga, shanu na maigida ne, amma nono na uwargida ne. Ita ke kwantar da shi, ta kaɗa, ta kai talla, da kuɗinsa take sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'yarta. Farar saniyarmu, bunaji, ba mai yawan nono ba ce, a kiwon gargajiya lita ɗaya zuwa biyu ake samu a yini bayan abin da maraƙi ya sha, da rani ma ya ragu. Kamfanonin da ke kafa cibiyoyin tattarawa a ƙauyuka madara suke saye, ɗanya, da sassafe. To in maigida ne ko yaronsa ya ɗora ta a babur ya kai, aka biya shi a hannu, ina rabon mai ƙwarya? Shi ya sa nake jin haushi in an ce za a taimaki "makiyaya" da harkar madara, ba a ko ambaci matan da sana'ar ke hannunsu ba. Makiyayi mai bin shanu daji ne, sau da yawa ma ɗan haya ne, garken na wani alhaji ne a birni.

Wani daga Gumel ya ce a fassara masa "wani na riƙe da ƙaho, wani na tatsa".

Saniyar da ba ta tsayawa sai an riƙe ta kafin a tatsa. Mai riƙon shi ke shan tunkuyi, mai ƙwarya shi ke tafiya da madara. Ana faɗa wa wanda ya yi wahala wani ya kwashe amfanin. Daga nan ne ma aka samo "saniyar tatsa". Kada a haɗa ta da "saniyar ware", wadda aka fitar daga cikin garke, kamar yadda na ji wani ya yi.

Wata ɗaliba daga Rano ta ce: "Kakana yana yawan zancen jangali. Haraji ne?"

Haraji ne, 'yata, amma na shanu, a da ana biyan sa bisa yawan kawuna. Kalmar daga Fulatanci take. A wancan zamani da damina ake karɓa, lokacin da shanu suka zauna wuri ɗaya, ta hannun hakimai da arɗo-arɗo, abin da ya sa makiyaya ke ɓoye garke ko su tsallaka wata ƙasa kafin masu ƙirga su iso. Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da harajin kai da ya hau mulki a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano, don sai 1991 aka raba su.

Wani daga Ɓaɓura ya tambayi burtali da labi.

Duka hanyar shanu ce da aka bari tsakanin gonaki, daga rugga zuwa makiyaya da mashaya. Burtali daga Fulatanci yake. Duk inda garma ta cinye shi, rigimar manomi da makiyayi na biyo baya.

Na ƙarshe, daga Haɗeja: "Karsana da saniya ɗaya ne?"

A'a. Karsana ita ce wadda ba ta haihu ba tukuna. Da ta haihu ta zama saniya, kuɗinta ma a kara ya canza.