Tambayi Mai Hoto: Wane Ido Zan Saya Wa Kyamarata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi Canon ta hannu a Sabon Gari, ta zo da idonta mai rubutun 18-55mm. A waje hotona yana kyau, amma da na shiga ɗakin amarya sai ya fito da duhu ko ya yi dishi-dishi, kuma bayan mutum ba ya narkewa kamar na manyan masu hoto. Kuɗin ido ɗaya kawai gare ni. Wanne zan saya? — Wani matashi daga Tudun Jukun

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kyamararka lafiyarta ƙalau. Matsalar tana ga ido, wato lens a bakin 'yan sana'a.

Juya shi ka karanta rubutun bakinsa. Lambar farko mai mm ita ke nuna faɗin abin da yake gani: ƙaramar lamba kamar 18 tana kwaso fili mai yawa, babba kamar 200 tana jawo na nesa kusa. Sai lamba ta biyu, 3.5-5.6, wadda yawancin masu koyo ba sa kulawa da ita, alhali ita ce ƙofar haske. Nan lissafin a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Idan ka yi zum zuwa 55, ƙofar ta tsuke zuwa 5.6, ɗakin amarya kuwa ka san shi: taga ɗaya, labule mai kauri, ga NEPA ta ɗauke wuta.

Ka nemi 50mm f/1.8, lambar da ke bayan f ita ce ta ƙofar haske. Ba ya zum ko kaɗan, ƙafarka ce za ta yi gaba ta yi baya, amma hasken da yake shigarwa ya ninka na f/5.6 kusan sau goma, kuma yana cikin mafi araha a idanun Canon. Ranar da na fara ɗora shi a wani kamu a Ƙofar Doka, na ɗauki amarya tana lulluɓe kusa da taga. Zaren mayafinta ya fito ɗaya bayan ɗaya, jan lallen yatsunta ya fito raɗau, kwanukan jeren da ke bayanta kuwa suka narke suka zama walƙiya kawai. Uwar amarya ta riƙe hoton nan ta daɗe ba ta ce uffan ba.

Amma ga abin da mai shago ba zai gaya maka ba. Kyamarar da ke zuwa da 18-55 ƙaramin faranti gare ta a ciki, wato sensor da hoton ke sauka a kai, a Canon sai ka ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5. Ke nan 50 ɗinka zai yi aiki kamar 80. Ga fuska ɗaya ko biyu, madalla. Ga ƙawaye goma sha biyu a kan gado, za ka ja da baya har ƙeyarka ta bugi wadirob ba su shiga ba. Don haka kada ka sayar da tsohon, shi ne na hoton taro. In kuwa yawancin aikinka a ƙananan ɗakunan cikin birni ne, 24mm f/2.8 ko 35mm zai fi yi maka daɗi. Abu ɗaya: kada ka matsa kusa da fuskar mutum da 18, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, amarya ba za ta yafe maka ba.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a ABU Samaru. Ina son ɗaukar Hawan Sallah da Hawan Daushe bana, amma bara dawakan sun fito ƙanana kamar tururuwa. — Wata 'yarka

Amsa: 'Yata, na ji daɗin ganin mata suna shiga wannan fagen. Abin da kike buƙata mai jawo nesa ne. Ƙwararru 70-200mm f/2.8 suke riƙewa, sai dai nauyinsa ya kai kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa ma ya fi shi nauyi. Hawa da rana ake yi, haske ya wadata, don haka 55-250mm ko 70-300mm ya ishe ki. Da shi za ki tsaya nesa da kofato a Ƙofar Fada ki ɗauko kunnuwan rawanin ɗan sarki, da kumfar bakin doki, da kumatun mai algaita sun cika taf. Lokacin jahi ki sa gudun ɗauka ya kai 1/1000 na daƙiƙa, in ba haka ba inuwa za ki kwaso.

Ki ɗaura idon tun daga gida, kada ki kwance shi a fili. Wata shekara na canza nawa a tsakiyar ƙurar dawakai, na dawo na tarar da ɗigo baƙi a wuri ɗaya a kowane hoto, sama da ɗari uku. Kwana biyu na yi ina gogewa a kwamfuta, raina a ɓace.

Tambaya: Ina ɗinkin hula a Tudun Wada, ina tallata ta a Instagram. Yaya zan nuna aikin zare? — Wani maɗinki

Amsa: Maigida, naka shi ne makiro, mai ɗaukar abu dab da dab, kamar 100mm ko 60mm. Zai nuna kowane sukan allura. Ka ɗora kyamarar a kan ƙafa uku, ka ajiye hular bakin ƙofa da hantsi, ka tsuke ƙofar haske zuwa f/8 ko f/11 don zanen ya fito gaba ɗaya. Da damina ka ajiye idon a roba mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, domin funfuna tana tsirowa a cikin gilashi, kuma in ta yi jijiya ba kasafai take fita ba.