Kafin ka biya kuɗin gonar nan, je ka gan ta sau biyu

Wani bawan Allah daga Kano ya turo min tambaya, wai tsadar birni ta ishe shi, ya samu fili da araha wajen Auyo a jihar Jigawa, yana so ya kwashi iyali su koma su riƙa noma abin da za su ci, ya zai gane ko wurin zai riƙe su?

To malam, arahar nan ita ta fara ɗaga min hankali. Kar ka ba da ko sisi sai ka taka filin sau biyu. Je ka a watan Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ƙafewa ka leƙa rijiyar garin da idonka, ka ɗanɗani ruwan ko da kanwa kanwa, sannan ka koma ƙarshen Agusta ko Satumba ka ga inda ruwa ke kwanciya. Yankin nan kan kogin Haɗeja yake, ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga da ta Challawa nan yake bi, ga kuma ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, shi ya sa ko ba a yi ruwan sama mai yawa a garinku ba sai ka wayi gari gona ta zama tafki. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022 ba sai an ba su labari ba.

Kuma don Allah kar ka tsaya kan maganar dillali. Nemi dattawan gari da mai unguwa, ka ce su nuna maka inda ruwa ya tsaya a 2022, shaidar tana nan jikin katanga da gindin bishiyoyi. Ka tambaya ko burtali ya ratsa filin, don rigimar makiyaya ta fi ambaliya ci maka rai. Hanya fa? in mace ta fara naƙuda da dare a tsakiyar damina, mota na shiga ko sai kwale-kwale?

Idan ka ga za ka iya, gida da rumbu a kan tudu, fadama kuma a bar wa shinkafa. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 masu jure nutsewa na 'yan kwanaki, tudun kuma ka sa gero mai saurin nuna irin SOSAT da wake, ta yadda in ɗaya ya tafi ɗaya zai tsaya. Waken ka zuba a buhun PICS, wato buhun nan mai leda a ciki da ke hana iska shiga, saboda ƙwari. Hatsin shekara kar ka sayar da shi da kaka, mutane da yawa nan suke faɗawa.

Ni shawarata ka fara aron gona ko haya a garin damina ɗaya, iyali suna Kano tukunna.