Tambaya da Amsa: Wace taya ce ta dace da ƙaramar motar tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina da tsohuwar Honda Civic mai injin lita 1.6 da giyar hannu, na sa mata rim mai inci 15. Ni da abokaina mukan nemi izini a rufe mana fili a bayan garin Daura mu yi tseren mita 200 daga tsaye. Damuwata ita ce da zarar na saki kuloci sai tayoyin gaba su yi ta juyawa a banza, abokan karawa su bar ni a baya. Wani mai sayar da taya ya ce in sa 275/60R15. Wani kuma ya ce kada in ɓata kuɗina, in sayi 'yar Beljiyam wadda ta suɗe, wai ita da tayar tsere duk ɗaya ne. Abin da na tara bai wuce kuɗin taya biyu ba, kuma ina tsoron in yi asara ko in kashe giyabos. Mene ne mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Tsoronka yana kan hanya, domin duka shawarwarin biyu ba su da kyau, sai dai ta farko aljihunka kawai za ta taɓa, ta biyu kuwa tana iya taɓa ranka.

Mu fara da tsayi, tunda shi ne abin da masu sayar da taya ba sa lissafawa. Irin motarka takan zo da 185/65R14 (lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin bangonta a kashi cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim a inci), wadda tsayinta ya kai kusan inci 23 da rabi. Ita kuwa 275/60R15 inci 28 ce. Duk lokacin da ka ƙara tsayin taya, tamkar ka tsawaita dukkan giyoyin motar ne, kuma a nan ƙarfin da ke isa ƙasa zai ragu da kusan kashi 16 cikin ɗari. Injin da ƙarfinsa bai wuce na doki ɗari da 'yan kai ba zai shaƙe a layin tashi, kuloci ya sha wahala, tsere ya ƙare kafin motar ta dawo hayyacinta. An yi wannan tayar ne domin manyan motocin Amurka masu jan baya, tana buƙatar rim mai faɗin inci bakwai da rabi zuwa sama, kuma ba za ta shiga ƙarƙashin madigadin Civic ba sai an yanka ƙarfe.

Abin da ya dace da kai shi ne ka tsaya kusa da tsayin asali, tsakanin inci 23 da 24, ka ƙara faɗi daidai gwargwado. A kan rim ɗinka, 205/50R15 tana ba da kusan inci 23, ita kuma 225/50R15 tana kusa da inci 24, amma sai faɗin rim ya kai inci shida. Idan ka samu irin wadda ake kira dirag radiyal, wato tayar tsere mai ɗan zane kaɗan, wadda kamfanoni kamar Mickey Thompson da Hoosier suke yi, ita ce ta fi dacewa da mota mai ƙaramin inji, domin robarta tana da laushi kuma motar ba ta yin layi da ita. Tayar silik ta gaskiya, wato tayar tsere marar zane ko kaɗan, irin su 22x8-13, ta fi riƙo, sai dai tana buƙatar rim mai inci 13 da zai wuce birkinka, kuma ƙarin riƙon nan yana iya karya shaf ɗin gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyin, idan tayar ta fara tsalle a wurin tashi. Kafin ka biya kuɗi, ka karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka sa tef ka auna tazarar da ke tsakanin taya da shokazoba da bakin madigadi.

Yanzu kuma ga maganar da ta fi tayar mini da hankali, wadda kusan kullum sai wani matashi ya shigo da ita gareji a nan Katsina: wai tayar da ta suɗe ita ce silik. Wallahi ban san wanda ya fara yaɗa wannan ƙarya ba, amma ya cuci jama'a. Hujjarsu ita ce sun ga tayar tsere a bidiyo ba ta da zane, ita ma tsohuwar taya ba ta da zane, saboda haka abu ɗaya ne. Kama da wane ba wane ba ce. Silik sabuwar roba ce mai laushi, mai cikakken kauri, wadda aka haɗa musamman domin ta yi danƙo idan ta ji zafi, aka kuma yi bangonta yadda zai lanƙwashe ya shanye bugun farko na tashi. Har 'yan ramuka ake yi mata a fuska domin a riƙa auna yawan robar da ta rage. Tayar titi da ta suɗe kuwa ta riga ta zubar da robar da aka yi domin taɓa ƙasa. Abin da ya saura mata ɗan siririn fata ne da ya bushe ya taurare saboda shekaru da zafi, kuma a ƙarƙashinsa wayoyin ƙarfe ne. Ka sa farce ka danna irin wannan tayar, za ka ji ta ƙeƙashe, ka duba bangonta da kyau, za ka ga ƙananan tsage-tsage. Ba za ta riƙe ƙasa ba, sulɓi za ta ƙara yi.

Wannan shi ne ƙaramin sharrinta. Babban shi ne abin da ke faruwa idan aka ɗumama ta. Yaro ya ga ana ƙona taya kafin tsere, shi ma sai ya ja birkin hannu ya danna totur har hayaƙi ya turnuke, alhali a watan Afrilu ne, zafin Katsina ya kai digiri 40, kwalta kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Ɗan abin da ya rage na roba yana ƙara sirancewa, zafi yana raba shi da wayoyin da ke ƙasa, sannan a ƙarshen fili, inda gudu ya fi yawa, fatar ta ɓare ko tayar ta fashe. A motar da ke jan gaba, tayar da ta fashe ita ce kuma ke riƙe da sitiyari da mafi yawan birki, kuma 'yan kallo suna tsaye a gefe. Akwai ma waɗanda suke kai taya mai sauran zane wurin mai faci ya sa giranda ya goge ta, wato su biya kuɗi a lalata musu kaya. Duk mai facin da ya karɓi wannan aiki ya sani alhakin abin da ya biyo baya yana wuyansa.

Wata dabarar 'yan kasuwa ita ce su ɗauko tayar hunturun Turai, su ce ka taɓa ka ji laushinta. An yi ta ne domin ƙanƙara, za ka ga hoton tsauni da ƙanƙara a bangonta, kuma zafinmu yana cinye ta cikin ɗan lokaci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, amma har yau ana jibge su a bakin titi ana sayarwa a fili, sai direba kaɗai ake tarewa a shingen bincike. Saboda haka kai ne za ka tsare kanka. Ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a bangon taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 tana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida ba ta da wuri a filin tsere, komai kyawun fuskarta, kuma idan ka ga an goge lambar ka ajiye ta ka fita.

Idan kuɗinka bai kai na dirag radiyal ba, ka sayi sababbin tayoyin titi masu kyau guda biyu, 205/50R15, masu alamar gudu V (harafin da ke bangon taya mai nuna iyakar gudun da take jurewa), ka sa su a gaba, ka tabbata na baya ma lafiyayyu ne. Filayen tsere na Amurka ana shafa musu wani ruwa mai danƙo, naku kuwa kwalta ce da ƙura, musamman da hunturu, don haka share layin tashi da tsintsiya zai ba ka riƙon da ba ka zata ba. A dirag radiyal ka fara da iska 22 a ma'aunin mai faci (PSI), kana ragewa ɗaya-ɗaya kana lura da tashin motar, kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin ya yarda da shi. Ka rage yadda kake ɗaga inji kafin sakin kuloci, ka sake shi a hankali maimakon ka fizge ƙafa, kuma da zarar ka ji gaban motar yana tsalle ka ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin a nan ne shaf da giyabos suke mutuwa. Idan an tashi daga fili, ka mayar da iska yadda take kafin ka hau hanyar Daura zuwa Katsina, silik kuwa a cire ta a sa a but, domin ba ta da zanen da zai kore ruwa idan damina ta sauka.