Amsa ga ɗana a kan batun riƙon yarinya

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso mini nan Tawa, kuma na fahimci abin da ya dame ka. Yayarka ta nemi ka ba ta ƴarka ta fari ta riƙe, mai ɗakinka ba ta yarda ba, kai kuma kana tambaya ko hana ta saɓon Allah ne.

Riƙo al'ada ce, ba farilla ba, amma iyayenmu ba su kafa shi a banza ba. A da uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari saboda alkunya, balle ta ja shi a jiki a gaban mutane, shi ya sa da zarar an yaye shi sai a miƙa shi ga kaka ko goggo, wadda za ta yi masa wasa, ta kuma tsawata masa ba tare da jin nauyin kowa ba. Akwai kuma matar da Allah bai ba haihuwa ba, wadda dangi ke ba ta ɗa don kada ɗakinta ya zauna shiru. Musulunci bai ƙi wannan ba, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi, daga baya a hannun baffansa Abu Ɗalib, Annabin ma daga baya ya riƙi Sayyidina Ali a gidansa.

Sai dai addini ya yi wa abin iyaka, kuma a nan ne mutanenmu suka fi sakaci. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira yara da sunan ubanninsu, saboda haka riƙo ba ya sauya nasaba, ba ya kawo gado, ba ya kuma mayar da mijin goggo muharramin yarinya, sai fa idan goggon ta shayar da ita a cikin shekarunta na nono, sannan ne mijin zai zama muharraminta. Ban da wannan, a mazhabar Malikiyya da muke bi uwa ce kan gaba wajen haƙƙin reno, har namiji ya balaga, mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Ashe ke nan ƙin da mai ɗakinka ta yi ba rashin kunya ba ne, haƙƙinta ne ta riƙe.

Abin da ya kamata ka auna shi ne inda tarbiyyar yarinyar za ta fi kyau. Ta kusa shekara 7, lokacin da hadisi ya ce a umarci yara da salla, kuma yaro ba ya koyon alwala da gaskiya da gaida manya sai daga wanda yake gani kullum. Duk mun san gidajen da ƴar riƙo ta zama ƴar aiki, tana yawon talla a tasha alhali ƴaƴan gida suna lakwal da makarantar allo. Ban ce yayarka za ta yi haka ba, na san halinta, amma tsakanin Yamai inda kake da nan Tawa inda take akwai fiye da kilomita 500, kuma gobe kiyama kai za a tambaya, ba ita ba.

Shawarata ita ce yarinyar ta zauna wurin uwarta, ta ci gaba da karatunta. Idan an yi babban hutu na damina ka kawo ta da kanka, ta yi wata biyu a ɗakin goggonta, ta san danginta, ta koyi durƙuso da aikin gida irin namu, ka zo ka ɗauke ta kafin a koma lakwal a watan Oktoba. Kada ka gaya wa yayarka wannan ta waya, kada kuma ka ambaci sunan mai ɗakinka a cikin maganar. Ka bar mini ita, zan je gidanta bayan sallar Juma'a in yi mata bayani da bakina.

Ka gaida iyali. Baffanka.