Na tara 70 da 80, kwamfuta ta ba ni 7080: ina na yi kuskure?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar babbar sakandare ce. An ba mu aikin gida a darasin kwamfuta, mu rubuta ƙaramar manhaja da harshen Python da za ta karɓi makin darussa biyar ta fitar da matsakaicinsu. Na gwada da maki biyu, 70 da 80, sai ta buga 7080. Da na ce ta raba, ta tsaya da saƙon kuskure mai suna TypeError. Ƙawata ta gyara mini, amma yanzu in na sa 60, 70, 80, 90 da 100, amsar da take bayarwa 20 ce.

Amsa: Ɗiyata, kurakurai biyu ne daban suka haɗu miki.

Na farko yana wurin input, umarnin da ke karɓar abin da aka buga. Duk abin da aka buga wa input, Python na karɓarsa a matsayin rubutu, ko da lambobi ne. Alamar + kuwa aiki biyu take yi: tsakanin lambobi tarawa take, tsakanin rubutu da rubutu liƙawa take. Shi ya sa "70" da "80" suka manne suka zama 7080, kamar yadda "ruwan" da "sama" za su zama ruwansama. Rubutu kuma ba ya rabuwa, daga nan TypeError ya fito. Maganinsa ki mayar da rubutun lamba tun a bakin ƙofa, da int (cikakkiyar lamba) ko float (lamba mai ɗigo). A harkar maki na fi son float, domin idan aka buga 70.5, int zai ƙi karɓa ya tsaya da saƙon kuskure mai suna ValueError.

Na biyu ya fi wuyar kamawa, don babu saƙon kuskure ko ɗaya, manhajar tana aiki lami lafiya, amsar ce kawai ba daidai ba. Duba lambar da kika samu. Jimlar makin nan 400 ce, matsakaicinsu 80. Ashirin kuwa ita ce 100, makin ƙarshe, a raba biyar. Da alama layin jimla = 0 yana cikin zagayen for, wato sashen da ke maimaita umarni, saboda haka a kowane zagaye ana share abin da aka tara a koma sifili. Ga yadda ya kamata ya zauna:

jimla = 0
for i in range(5):
    maki = float(input("Shigar da maki: "))
    jimla = jimla + maki
print(jimla / 5)

Ki lura da tazarar farkon layi. A Python wannan tazarar ba ado ba ce, ita ke nuna abin da ke cikin zagaye da abin da ke wajensa. An saba ba da tazara huɗu, kuma kada ki gauraya ta da maɓallin Tab. Layuka biyun da aka tura ciki za su maimaitu sau biyar. Umarnin range(5) na ƙirgawa daga 0 zuwa 4 ne. Idan kika tura print, umarnin da ke nuna amsa, ciki, amsoshi biyar za ki gani, ta ƙarshe ce kaɗai daidai.

Akwai dabarar da nake so ki riƙe, don za ta yi miki amfani har a jarrabawa, inda babu kwamfuta a gabanki. Ki ja layi a takarda, gida uku: i, maki, jimla. Ki bi manhajar layi-layi kamar ke ce na'urar, kina rubuta abin da ke cikin kowane gida. A wadda na rubuta a sama, gidan jimla zai tafi 60, 130, 210, 300, 400. A wadda ƙawarki ta gyara miki, kina isa zagaye na biyu za ki ga 70 a inda ya kamata 130 ta zauna, ɓarawon ya kamu ke nan.

Wani tarkon yana jiranki idan kika tara kai tsaye babu zagaye. Rabawa na riga tarawa, don haka 70 + 80 / 2 zai ba ki 110.0. Sai kin kewaye 70 + 80 da baka kafin ki samu 75.0.

Ki kuma duba littafin da kike bi. Python 3 ta fito a 2008, an daina kula da Python 2 a farkon 2020, amma tsofaffin littattafai na nan a hannun ɗalibai. A tsohuwar, 7 / 2 na ba da 3, a sabuwar 3.5. Idan kika ga print babu baka a littafi, na tsohuwar ne, kuma misalansa za su riƙa tsaya miki.

Saƙon kuskure kuwa daga ƙasa ake karanta shi. Layin ƙarshe na faɗin irin matsalar, a samansa za ki ga lambar layin da aka tsaya. Kafin ki miƙa aikin, ki gwada shi sau uku: da makin da kika lissafa da hannu, da sifili biyar, sannan ki buga harafi a wurin lamba ki ga ValueError da idonki, domin idan malaminku ya tambaya ki iya faɗin abin da ya jawo shi.